Injiniya Ya Tafi Bai Ga Sa Hannun Ba

Jawabin tsohuwar shugabar ƙungiyar ma'aikata a taron tunawa da marigayi Injiniya, shugaban Kwamitin Tuntuɓa na Ƙasa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma Ministan Tsare-tsare, mai wakiltar gwamnati a wannan zama. Mai girma Shugaban Majalisa da 'yan majalisar da suka rako shi. Shugaban jam'iyya mai mulki da shugaban jam'iyyar adawa. Malamanmu da dattawanmu. Shugabannin masu masana'antu, da na manoma, da na 'yan kasuwa. 'Yan uwana ma'aikata da ke tsaitsaye can baya saboda kujeru ba su kai gare su ba. Sai kuma waɗanda, da a ce ni na tsara taron, da su zan fara: Yaya, mai ɗakin marigayi, da 'yarsa ta fari Likita, da ƙannenta, da Kawu ƙanen marigayi, da jikoki. Assalamu alaikum. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Masu shirya taro sun aiko mini da jawabi a buge, tsaf da shi, babu kuskure ko ɗaya. Na karanta, sai na ga da za a cire sunan Injiniya a sa na wani mamacin, ba wanda zai lura. Na ajiye shi, na tafi wajen Yaya na tambaye ta me take so in faɗa. Ta ce da ni, "Ke kin fi ni yin faɗa da shi. Je ki faɗi abin da ya faru." To, abin da ya faru zan faɗa. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, mu ma mun daɗe muna ji.

Tun safe nake zaune ina jin ana cewa an yi rashin gwarzo, an yi rashin uban ƙasa. Duk gaskiya ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, da an ba shi rubu'in wannan saurare lokacin da yake da rai, da ba irin wannan taro muke yi yau ba.

Ya kasance injiniyan layin dogo tun kafin wasunmu su san shi. Yana saurayi aka ba shi aikin shimfiɗa layin da zai ɗauko amfanin gona daga karkara ya kai shi inda masana'antu suke. Ya yi shekaru a daji da ma'aikatansa, suna kwana a tanti, har aka kai rabin hanya. Sai gwamnati ta canja. Waɗanda suka hau suka ce layin na magabatansu ne, a karkata shi ya bi ta wani yanki. Ya sake awo, ya sake zane, aka soma haƙa. Aka sake zaɓe, aka sake karkatawa. Ya taɓa kai mu mu ga wurin da idonmu: tasha ce ginanniya, da benci, da tagar sayar da tikiti, da agogo a bango, amma jirgi bai taɓa tsayawa a wurin ba. Matan unguwa na shanya a kan ƙarafen. Ya tsaya ya dube mu ya ce ƙarfe bai yi laifi ba, ma'aikata ba su yi laifi ba. Aikin da ke bukatar shekara ashirin ba zai rayu a hannun masu tunanin zaɓe mai zuwa ba, sai in duk masu neman mulkin sun zauna tun farko sun yarda cewa akwai abubuwan da ba za a taɓa ba, ko wa ya ci.

Wannan magana ita ya ɗauka a ka har ya mutu. Ya bar aikin gwamnati, ya shiga yawo da ita ofis-ofis, har mutane suka soma ɓuya in sun hango shi. Da ƙasa ta shiga matsi, masana'antu na rufewa, matasa na zaune, kowane zaɓe sai an zubar da jini, sai aka tuna da shi. Aka kafa Kwamitin Tuntuɓa na Ƙasa aka ba shi shugabanci. Na san wasu sun ba shi ne don ya daina damunsu. Shi ma ya sani, ya karɓa da hannu biyu.

A nan na san shi, kuma ba da daɗi muka fara ba. Ni ce shugabar ƙungiyar ma'aikata a lokacin, na shiga zauren da niyyar in watsa taron. A ganina an tara mu ne don a sayar da kamfanonin gwamnati a kori 'yan uwana, sannan a ce da yardarmu aka yi. Wanda ke fuskantar kujerata Mai Masaƙa ne, shugaban masu masana'antu, ga shi can a keken marasa lafiya, Allah ya ƙara masa sauƙi. Ni da shi ko gaisawa ba ma yi. In ya ce a rage ma'aikata, in ce a ƙwace masaƙarsa. In na ce a ƙara albashi, ya ce in zo in biya da kaina.

Injiniya ya kasance mai haƙurin da ke ƙular da mutum. Za ka zazzaga masa masifa, ka buga tebur, ka kira shi ɗan koren masu kuɗi, ya bar ka ka gama, sannan ya gyara tabarau ya ce ka sake faɗa a hankali, bai kama wani wuri ba. Ba abin da ke kashe wa mai fushi jiki kamar a ce ya maimaita. Sau da yawa a maimaitawar ne mutum ke jin cewa rabin abin da ya faɗa hayaniya ce kawai. Mun tsani wannan hali nasa, kuma da shi ya ci mu duka.

Da na fice daga taron na rantse ba zan koma ba, bai aiko kowa ba. Washegari da safe na fito daga ɗaki na tarar da shi a falona, shi da maigidana suna shan shayi suna hirar ƙwallo. Bai ce mini komai game da kwamiti ba, gaisuwa kawai. Washegari ma haka. Ya mai da gidana wurin karyawa, har yarana suka soma ajiye masa kofinsa daban. Ƙarshe maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah ki koma taron nan, ko na samu in sha shayina ni kaɗai." Daga baya na ji cewa da ya bar gidana, gidan Mai Masaƙa yake zarcewa ya ci musu abincin rana.

Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya bi manoma, ya bi malaman makaranta, ya bi masu haƙar ma'adinai, ya bi matasan da suka ce duk tsofaffin nan a kwashe su a zubar. Ya shiga garuruwan da motar gwamnati ba ta zuwa. An taɓa kulle shi a ɗakin taro na wani gari saboda mutane sun ce ba zai fita ba sai ya yi musu alkawarin asibiti. Ya ce ba shi da ikon yin alkawari, ba kuma zai yi musu ƙarya ba. Ya zauna tare da su har suka gaji, su da kansu suka buɗe masa ƙofa suka raka shi mota.

Abin da ya fito daga wannan wahala bai da yawa, kuma kowa a zauren nan ya san shi. An yarda cewa duk babban aikin da majalisa ta amince da shi, gwamnati mai zuwa ba za ta yasar da shi ba. An yarda cewa wani kaso na abin da ƙasa ke samu daga ma'adinai a keɓe shi ga makarantu da wutar lantarki, kada a taɓa shi don yaƙin zaɓe. Hukumar zaɓe kuwa, ɓangarorin biyu su naɗa ta tare, domin wanda ya faɗi ya iya yarda cewa faɗuwa ya yi. Mu ma'aikata muka yarda a gyara kamfanonin da suka mutu, ko da wasunmu za su canja aiki, muka kuma yarda mu jingine yajin aiki na wasu shekaru. Masu masana'antu suka yarda su biya haraji cikakke, su koyar da duk wanda aka sallama wata sana'a, su daina fitar da kayanmu ɗanye.

Ina so manyan da ke kujerun gaba su ji abin da wannan yarda ta ci mana. Ranar da na kai wa 'yan ƙungiyata labari, an jefi motata, an kira ni maciyar amana a gaban 'ya'yana, kuma a zaɓen da ya biyo baya aka sauke ni. Shekara da shekaru ina wannan ƙungiya, aka fitar da ni ta ƙofar baya. Mai Masaƙa, abokan kasuwancinsa suka juya masa baya, suka ce ya sayar da su ga 'yan ƙwadago, wasu har yau ba sa amsa sallamarsa. Shugaban manoma na lokacin ya mutu mutanensa na fushi da shi. Kowannenmu ya yanki wani abu daga jikinsa ya ajiye a kan teburin nan. Abu ɗaya ya rage, shugabannin jam'iyyun biyu su sa hannu, a kai majalisa ta mai da shi doka.

A wannan zauren aka shirya bikin. Mun cika shi tun da hantsi, an jera alƙaluma a kan tebur, 'yan jarida sun kafa na'urorinsu. Shugabannin biyu suka iso, kowa da jerin motocinsa, suka tsaya a harabar nan ta waje. Sai aka ce ba wanda zai fito. Kowa na jiran ɗayan ya riga shi shiga, don wanda ya shiga daga baya shi ne babba. Sannan ga rigimar sunan wa zai zo a sama. Injiniya, da furfurarsa, ya fita cikin rana yana kai da komo tsakanin mota da mota, yana sunkuyawa yana magana ta gilashi kamar mai talla. Ya ce a buga kwafi biyu, kowa sunansa a sama a nasa. Aka yarda. Sai aka ce to wa zai yi jawabin ƙarshe. Muna leƙe ta taga muna kallo, har muka ga jerin motoci ɗaya ya juya, ɗayan ma ya juya.

Ya dawo rigarsa sharkaf da gumi, ya hau nan inda nake tsaye, ya ce an ɗage zama, kowa ya yi haƙuri. Na tare shi a bayan dandamali, raina kamar ya fita. Na ce ya fito ya faɗa wa duniya abin da suka yi, ya kira sunansu, ya tona musu asiri. Ya ce da ni, "Shugaba, yau har harabar suka zo. In na kunyata su, gobe ko unguwar ba za su shigo ba." Wallahi ranar da ina da abin jifa a hannu, da shi zan fara jifa kafin su.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ban takaici. Aka yi zaɓe, masu adawa suka hau, masu mulki suka sauka. Wanda jiya yake cewa yarjejeniyar za ta ɗaure wa gwamnati hannu, yau da ya koma adawa shi ke kiran a sa hannu. Wanda jiya yake zagin gwamnati don ta ƙi, yau da ya hau ya ce ana bukatar a sake nazari. Aka kafa sabon kwamiti, da sabon suna, da sababbin motoci, aka ce a fara tuntuɓa daga farko. Aka gayyaci Injiniya a matsayin ɗan kwamiti kawai, ƙarƙashin wanda ya taɓa ɗaukar masa jaka. Muka taru muka je gidansa muka ce kada ya kuskura, wannan wulaƙanci ne. Ya saurare mu, ya sa aka kawo mana ruwa, ranar zama kuma ya riga kowa isa.

Ya kasance mai taurin kai, kuma ba zan ɓoye wannan don ya mutu ba. Yaya, ke kika fi kowa sani. Ke kika riƙe gida shekarun da yake yawon ƙasa. Ke kika je taron yaye Likita daga jami'a ke kaɗai, kina ta waigen ƙofa, shi kuwa yana can yana sasanta masu ma'adinai da mutanen wani ƙauye. Ke kika ji gorin dangi cewa sa'o'insa sun gina gidaje, shi ya ƙare da tsohuwar mota da tarin takardu. Mu da muke ta yabonsa yau, da lokacinki muka yi amfani, ba mu kuwa taɓa zuwa mun ce miki sannu ba. Yau muna cewa: sannu, Yaya. Ki yafe mana.

Likita, 'yata, na san abin da ke ranki. Ke kika gano ciwon zuciyar, ke kika ce ya kwanta, ke kika ɓoye makullin motar. Ba ki yi sakaci ba. Mutumin da aka ɓoye wa makulli ya fita ta baya ya tari tasi, ba likitan da zai iya da shi. Ki cire wannan nauyi daga ranki, ba naki ba ne. Ku ma ƙannenta, ku sani ubanku bai fifita ƙasa a kanku don ba ya son ku ba. Ba mu taɓa yin tafiya da shi ba sai ya ishe mu da labarinku, har mukan ce ya bari haka nan, mun haddace.

Ranar da ya tari tasin, wani babban ofishi ya nufa, inda aka yi masa alkawarin ganawa a kan a kai yarjejeniyar gaban majalisa. An sha ɗage masa wannan ganawa. Ya zauna a ɗakin jira, a kan kujerar roba, jakarsa a cinya, tun safe har rana ta take, ana ce masa mai ofis na cikin taro. A nan ya sulale ya faɗi. Ba zan faɗi ofishin ba, don Injiniya ya hana ni. Amma mai ofishin ya san kansa, kuma na ga furannin da ya aiko, sun fi na kowa girma.

Na je na ga Injiniya a asibiti kafin ya cika. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na sunkuya nake jinsa. Tambayar farko da ya yi mini ita ce ko an sa wata ranar ganawar. Na ce ya ji da kansa, ya bar mutanen nan da Allah. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na san ki. In sun taru saboda ni, za ki zage su. Kada ki zage su. Ki roƙe su su sa rana." Na ce ba zan yi masa alkawarin abin da ba zan iya ba. Ya ce in yi ƙoƙari. Kun dai gani, iya ƙoƙarina ke nan.

Mai girma Minista ya sanar ɗazu cewa za a sa wa wannan zaure sunan marigayi, za a kuma kafa kwamiti ya yi nazarin abin da ya bari. Ranka ya daɗe, iyalinsa sun ɗora mini in gode, sun kuma ce in faɗa maka da ladabi cewa ba sa so. Mutumin nan kwamiti ne ya cinye masa rayuwa, kada a bi shi da wani bayan ransa. Abin da ya bari ba ya bukatar nazari. An yi nazarinsa, an yi gardama a kansa, an yi kuka a kansa, kowane layi an san wanda ya sha wuya kafin a rubuta shi. Hannu biyu kawai yake jira.

Don haka, shugaban jam'iyya mai mulki da shugaban jam'iyyar adawa, gare ku nake magana, a madadin mu duka. Mun san kowannenku na tsoron in ya sa hannu, ɗayan zai ci riba. Mu ma mun ji wannan tsoro, muka sa namu, kuma ga mu a raye. Ku dubi bayan zauren nan, ku ga matasan da ke tsaye. Lokacin da aka fara wannan magana wasunsu na goye. Yau sun gama makaranta, ba aiki, kowa na neman hanyar barin ƙasa, kuma in an ce musu za a gyara, dariya suke yi. Ba za mu iya ce musu su ƙara haƙuri ba, mun ƙarar da wannan kalma. Mai girma Shugaban Majalisa na nan zaune, majalisa ba ta tafi hutu ba tukuna. Ba mu ce ku so juna ba, ba mu ce ku daina takara ba. Ku yi ta faɗanku a kan komai, ku bar mana waɗannan 'yan abubuwa su tsaya da ƙafarsu. Ku sa rana. Ku faɗe ta kafin ku bar nan, a gaban matarsa. In kun fita ba ku faɗa ba, za mu biyo ku ofis, ni da Mai Masaƙa da kekensa, kuma ku sani mu ba mu da haƙurin Injiniya.

Kawu, kai ne uba yanzu, Allah ya taya ka riƙo. Muna godiya ga ma'aikatan asibitin da suka yi iya yinsu, da maƙwabtan da suka tsaya wa gidan, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo, musamman waɗanda suka zo daga nesa a kan kuɗin motarsu ba tare da an gayyace su ba. Na gode da kuka jure ni.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka a gajiye. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa wahalar da ya sha a kanmu ta zame masa haske. Ka sanyaya zuciyar matarsa, ka shirya masa zuriya, ka rufa musu asiri. Ka ba shugabanninmu kunya da ƙarfin hali, ka ba mu ikon gama abin da ya fara tun muna da sauran numfashi. Shi kuma, ya Ubangiji, ka ba shi hutun da muka hana shi.

Amin. Wassalamu alaikum.